Yadda Ake Zaɓar Gidan Hayar Hutu a Karkarar Italiya

A karkarar Italiya, idan ka kama gidan haya na mako guda, mai gida zai tarbe ka a bakin ƙofa, ya miƙa maka makulli, ya nuna maka inda ake kunna gas da inda ake zubar da shara, sannan ya koma gonarsa. Daga nan sai kai da iyalinka. Babu ma'aikacin otal da za ka buga wa waya da tsakar dare a canza maka ɗaki. Abin da ba ka tambaya ba kafin ka biya, da shi za ka zauna har ranar tafiya.

Na sha kama irin waɗannan gidaje, wasu domin iyalina, wasu domin 'yan'uwa da abokan arziki, galibi a yankunan Toskana da Umbriya. Tsarin da nake bi bai canza ba: lokaci tukuna, sai maganar mota, sai yanki, sai hanyar da ke kai mutum ƙofar gidan, sai amsoshin mai gida a rubuce. Hotuna sai bayan an gama da taswira. Sabon shiga yakan fara da hoto, ya ga tsauni da itatuwan zaitun ya biya, daga baya ya gano cewa kantin da ya fi kusa sai an yi rabin awa a mota.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

- Kwamfuta, ko waya mai faɗin fuska, da Google Maps. Rabin aikin a kan taswira ake yin sa.
- Littafi da biro, ka ja layi ka jera gidaje huɗu ko biyar kana cike bayanansu gefe da gefe.
- Fasfo na duk wanda zai yi tafiyar, har da jarirai.
- Katin banki mai aiki a ƙasar waje. Ka je bankinka ka tambayi iyakar abin da katin ke iya biya a wata. Idan bai kai ba, ka yi amfani da katin asusun dala. Kamfanonin hayar mota da yawa katin bashi suke nema, kuma da sunan direba.
- Lasisin tuƙinka, haɗe da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Italiya tana neman wannan, ko fassarar lasisi da hukuma ta amince da ita, daga wanda lasisinsa ba na Tarayyar Turai ba ne.
- Manhajar fassara, domin masu gidaje da yawa a ƙauyuka ba sa jin Turanci sosai, amma suna amsa saƙo da kyau idan an rubuta musu da Italiyanci.
- Adireshin imel da kake dubawa kullum. WhatsApp ma suna amfani da shi ƙwarai.

1. Ka tsayar da lokaci

Watanni mafi daɗi su ne Mayu, Yuni, Satumba da farkon Oktoba. A Afrilu da Mayu tsaunukan Toskana kore suke shar. Zuwa Yuli an girbe alkama, ƙasa ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, zafi kuma yakan haura digiri 35 a cikin kwari. Satumba lokacin tsinkar inabi ne, zaitun kuma daga Oktoba zuwa Nuwamba.

Agusta shi ne watan hutun Italiyawa kansu, ƙololuwarsa ranar 15 ga wata, wadda suke kira Ferragosto. A makon nan hanyoyi kan cika kamar tashar mota ana jajiberin Sallah, farashi ya hau, kyawawan gidaje kuma tun watanni an kama su. Idan hutun makarantar yara ya tilasta maka Agusta, ka fara nema tun Janairu ko Fabrairu. A Yuli da Agusta gidaje da yawa ba sa ba da haya sai mako cikakke, daga Asabar zuwa Asabar, don haka kada ka yanki tikitin jirgi sai ka san ranar da gidan ke karɓar baƙi.

Daga Nuwamba zuwa Maris haya tana da sauƙi, amma tsohon ginin dutse yana riƙe sanyi, kuɗin ɗumama shi zai iya cinye duk rangwamen da ka samu.

2. Da mota ko babu mota

Wannan tambaya ce ke yanke sauran, shi ya sa na sa ta gaba. Gidan da ke tsakiyar gona ba ya zaunuwa sai da mota. Bas a ƙauyuka ba ta da yawa, ranar Lahadi kuma wasu layukan ba sa aiki sam. Tasi ba a tare ta a bakin hanya, sai an kira, kuma tana da tsada.

Idan za ka yi tuƙi, hannun dama suke bi, irin na Najeriya da Nijar da Gana. Yawancin motocin haya manuwal ne. Otomatik tana da ƙarin kuɗi kuma tana saurin ƙarewa, sai ka kama ta da wuri. Ka ɗauki ƙaramar mota gwargwadon yadda kayanku za su shiga, domin lungunan tsoffin garuruwa ba a yi su don manyan motoci ba.

Idan ba za ka yi tuƙi ba, babu laifi, sai dai ka daina kallon gidajen gona gaba ɗaya. Ka nemi ɗaki a cikin ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa. Orvieto tana kan layin da ya haɗa Roma da Firenze, kuma daura da tashar akwai keken dogo da ke hawa da mutane cikin gari. Arezzo ma tana kan layin. A Lucca, tasha tana dab da ganuwa. Spello da Spoleto a Umbriya duk suna da tasha. Amma a yi hattara: sunan gari a jikin tasha ba ya nufin tashar tana cikin garin. Tashar Assisi tana ƙasa a Santa Maria degli Angeli, sai an hau bas. Tashar Montepulciano tana da nisan kilomitoci daga garin. Pienza da San Gimignano ba su da tasha ko kaɗan.

3. Ka zaɓi yanki ɗaya

Kada ka ce za ka zaga Italiya daga gida guda. Ka ɗauki wurare uku da kake son gani, ka nemi gida a tsakaninsu, yadda babu wanda zai wuce tafiyar awa ɗaya.

Toskana ita ce ta fi suna, kuma ta fi tsada, musamman Chianti da ke tsakanin Firenze da Siena, da kwarin Val d'Orcia wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Umbriya maƙwabciyarta ce, ƙasa mai tsaunuka da tsoffin garuruwa irin su Perugia, Assisi da Todi, ba ta da teku amma tana da tafkin Trasimeno. Ni ita nake ba mai zuwa karon farko shawara, saboda kuɗinsa zai fi yi masa auki kuma cunkoso bai kai na Toskana ba. Yankin Marche ya fi su duka shiru. A kudu akwai Puglia, inda ake hayar gidajen nan masu rufin dutse mai tsini da ake kira trulli a kewayen Alberobello, da manyan gidajen gona da ake kira masseria. Can filin jirgin Bari ko Brindisi za ka nufa.

4. Ka san irin gidan da ake tallata maka

Shafukan da aka fi nema su ne Booking.com, Airbnb, Vrbo da Agriturismo.it. Gida ɗaya yakan fito a biyu ko uku daga cikinsu da farashi daban, don haka ka kwatanta.

Agriturismo gona ce mai aiki wadda ke saukar da baƙi. Italiya ta yi mata doka tun 1985, aka sabunta a 2006, kuma sharaɗin shi ne noma ya ci gaba da zama babban aikin wurin. Yawanci tsohon gidan gona ne aka raba shi sassa, kowane sashe da kicin da banɗakinsa, farfajiya kuma ta kowa. Alherinsa shi ne mai gida yana kusa idan wani abu ya lalace. Sai dai gona ce: za a ji ƙarar tarakta da sassafe, akwai karnuka, da yawa suna yin giyar inabi, wasu suna kiwon aladu. Wanda wannan zai dame shi ya tambaya tun farko, ya nemi gonar zaitun ko ta hatsi. Akwai su da yawa.

Casale ko villa gida ne sukutum naka kai kaɗai, ya dace da iyali biyu da za su raba kuɗi. Sai kuma ɗaki a cikin borgo, wato tsohon ƙauye mai ganuwa, inda kanti da gidan burodi ke kusa amma wurin ajiye mota yake wuya.

Wajen ƙirga ɗakuna nan ne ake yawan tafka kuskure. Italiyawa suna lissafa falo cikin ɗakuna. Monolocale ɗaki ɗaya ne tal, gado da kicin a wuri guda. Bilocale ɗakin kwana ɗaya ne da falo. Trilocale ɗakin kwana biyu ne da falo. Idan aka rubuta gida yana ɗaukar mutum huɗu alhali bilocale ne, to biyu a kan kujerar falo mai buɗewa za su kwana, wadda suke kira divano letto. Ga yara ƙanana ba matsala, amma ba za ka kwantar da surukarka a nan ba. Ka ƙirga ƙofofin ɗakin kwana da yawan banɗaki, ka bar adadin mutanen da aka rubuta.

Idan akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ka nemi piano terra, wato ƙasa. Primo piano bene ne hawa ɗaya, matakalar tsoffin gidaje kuma tana da tsayi da ƙunci, lif babu.

5. Ka bi hanyar gidan a taswira

Wannan mataki shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne rama wa mutum wahalarsa. Ka buɗe taswira, ka koma hoton tauraron ɗan'adam, ka bi hanyar daga babban titi har ƙofar gida. Inda kwalta ta ƙare hanya ta koma fari, wannan ita ce strada bianca, hanyar burji mai tsakuwa. Mita ɗari biyar a shimfiɗe ba komai ba ne. Kilomita uku a kan gangare, ana bi sau huɗu a yini, da dare babu fitila, wannan wani abu ne daban. Ka kuma duba takardar hayar motarka, domin inshorar da yawa ba ta biyan ɓarnar taya ko ƙarƙashin mota, wasu ma sun hana bin hanyar da ba kwalta.

Ka auna nisa da mintuna, kada ka auna da kilomita. Hanyar tsauni lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, kilomita goma sha biyar za ta iya cin rabin awa. Ka rubuta mintunan zuwa wurare huɗu: babban kanti irin Coop ko Conad, kantin magani, asibiti mai sashen gaggawa, da gidan mai. Kanti ya wuce minti goma sha biyar, ni nakan ajiye gidan, sai dai in akwai wani dalili mai ƙarfi.

Ga mai kama ɗaki a cikin gari, akwai ZTL. Yanki ne da aka hana motocin baƙi shiga, alamarsa farin da'ira mai jan baki, kuma kyamara ce ke gadi. Babu ɗan sanda da zai tsayar da kai. Tara za ta biyo ka gida bayan watanni, kamfanin mota ya ƙara nasa cajin, kuma kowace shiga da tararta. Ka tambayi mai gida ko ƙofarsa tana cikin ZTL, ko zai iya yi wa lambar motarka rajista, da kuma inda za ka ajiye ta. Layi shuɗi a ƙasa na biya ne, fari galibi kyauta, rawaya an keɓe shi.

6. Yanzu ka duba hotuna da ra'ayoyin baƙi

Ka lura da abin da ba a nuna ba. Hoto ashirin na faɗuwar rana, babu ko ɗaya na banɗaki ko kicin, wannan ma bayani ne. Ka nemi a turo maka.

A ra'ayoyin waɗanda suka sauka, ka fara da na baya-bayan nan, sannan ka nemo na watan da kai za ka je. Wanda ya sauka a Mayu ba zai gaya maka zafin ɗakin sama a Agusta ba. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma mutum uku su ambaci ƙarancin ruwan zafi ko warin danshi, ka yarda. Ka karanta yadda mai gida ke mayar da martani ga masu kuka, domin haka zai amsa maka ranar da famfo ya fashe.

7. Ka rubuta wa mai gida

Saƙo ɗaya, da gaisuwa, da tambayoyi masu lamba, da Turanci da fassarar Italiyanci a ƙasa. Wanda ya amsa ɗaya bayan ɗaya cikin kwana guda ko biyu, alama ce mai kyau. Wanda ya ce "komai lafiya lau, ku dai zo" bai amsa komai ba.

Ka fara da sanyi da zafi. Akwai na'urar sanyaya ɗaki? A kowane ɗakin kwana, ko a falo kawai? Kuɗinta yana cikin haya? Tsoffin gidaje da yawa ba su da ita. Idan babu, ɗakin ƙasa mai kaurin bango da fanka yana wadatarwa, muddin ka rufe tagogin katako da rana ka buɗe da dare. Ɗakin da ke ƙarƙashin rufi kuwa ka guje shi a Yuli da Agusta. Buɗe taga da dare yana kawo maganar sauro, wanda suke da shi sosai da bazara, har da mai cizo da rana. Ka tambaya ko tagogi suna da raga, zanzariere.

Sai wuta. Gidan Italiya na yau da kullum kilowat 3 ake ba shi. Ka kunna tanda da injin wanki da abin busar da gashi lokaci guda, wuta za ta yanke. Ba matsala ba ce babba idan ka san inda mita take, amma wani lokaci tana waje a bakin ƙofar shiga gona. Soket ɗinsu mai ramuka uku ne zagaye a jere. Filogin Najeriya da Gana mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga, sai da adafta. Mai sirarun ƙafafu biyu yana shiga.

Ruwan famfo ana sha, ko na rijiya ne? Intanet yana kaiwa cikin ɗaki, ko sai an fito farfajiya? Bangon dutse yana tare sigina, don haka mai aiki daga nesa ya roƙi mai gida ya gwada saurin intanet ɗin a cikin sashen da za a ba shi, ya turo hoton sakamakon.

Wurin ninkaya, idan akwai: na kowa ne, condivisa, ko naku kaɗai, privata? Ga iyalin da matansu ke son sirri wannan bambanci ne babba. Yana da shinge saboda yara? Wace rana ake buɗe shi? Yawanci daga ƙarshen Mayu ko Yuni ne zuwa Satumba.

Kicin ya cancanci tambayoyi na kansa, musamman ga Musulmi, domin girki a gida shi ne babban amfanin kama gida a kan otal. Naman alade ya shiga abincin karkarar Toskana da Umbriya sosai: prosciutto, salame, pancetta, guanciale, da naman aladen daji da suke kira cinghiale. Kitsen alade, strutto, yana shiga wasu burodi da kayan fulawa, sai a riƙa karanta jikin leda. Mahautan halal a birane suke, irin su Firenze, Perugia da Arezzo, ba a ƙauye ba. Saboda haka ka tambayi girman firji da ko yana da firiza, ka sayo naman mako guda a hanyarka ta shigowa. Idan babu hali, kifi, ƙwai, wake iri-iri, taliya, tumatir da man zaitun sun isa a ci da kyau. Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu daga gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace a filin jirgi. Ka tambayi yawan kan murhu da girman tukwane. Butar dafa ruwa ta lantarki ba kowane gida ke da ita ba.

Maganar tsarki da sauƙi: dokar gine-gine ta 1975 ta sa kusan kowane gida yana da bidet, wato kwanon da ake zama a kai a yi tsarki, a banɗaki. Sai dai daɓen banɗakin ba shi da magudana, ba a kwarara ruwa a ƙasa, alwala a kwanon wanke hannu ake yi. Alƙibla kudu maso gabas take. Sallar Juma'a sai an shiga birni, kuma wanda ya sauka kusa da Siena akwai masallaci a Colle di Val d'Elsa da aka buɗe a 2013.

8. Ka haɗa lissafi na gaskiya

Farashin da ke saman talla ba shi ne ƙarshe ba. Ka nemi a rubuta maka waɗannan: kuɗin sharar ƙarshe, wato na tsabtace gida bayan kun tafi, pulizia finale, kuɗin zannuwan gado da tawul, biancheria, wuta, gas da ɗumama ɗaki, ko suna ciki ko a consumo ne, wato gwargwadon abin da mita ta nuna, ƙarin kuɗi ga mai isowa da dare, da harajin kwana, tassa di soggiorno. Wannan harajin ƙaramar hukuma ce ke yanka shi, kowane mutum kowane dare, ya bambanta daga gari zuwa gari, yara ƙanana galibi ba sa biya, kuma sau da yawa a hannu ake karɓa.

Misali kawai, don a ga yadda abin ke juyawa: gida na yuro 700 a mako, aka ƙara 80 na shara, 15 na zannuwa ga kowane mutum cikin huɗu, da 10 kullum na sanyaya ɗaki, ya koma 910. Maƙwabcinsa na 850 da komai a ciki ya fi shi araha.

Akwai kuma cauzione, kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna a mayar maka ranar tafiya. Ka san nawa ne, da yadda ake karɓa, da ranar mayarwa. Idan a hannu ka bayar, ka karɓi rasit.

9. Ka tabbatar gidan na gaskiya ne, sannan ka biya

Daga farkon 2025, duk gidan da ake ba baƙi haya na ɗan lokaci dole ya mallaki lambar rajista ta ƙasa, CIN, mai farawa da IT. Doka ta ce a rubuta ta a jikin talla kuma a liƙa ta a wajen ginin. Tallar da babu wannan lamba, ka tambaya. Aka yi maka kwana-kwana, ka wuce. Ka kuma nemi sunan gidan a taswira, ka ga ko ginin da ke hoton shi ne a wurin.

Damfarar da aka fi yi ita ce a ja ka daga shafin da ka ga tallar, a ce ka tura kuɗi kai tsaye za a rage maka. Karon farko ka biya ta cikin shafin, ko da ya ɗan fi tsada. Idan gona ce sananniya mai shafinta kuma ka zaɓi yin ciniki da su kai tsaye, lambar asusun ta fara da IT, sunan mai asusun ya dace da na gonar ko mai ita, kuma a ba ka takardar tabbaci mai ɗauke da ranaku da jimillar kuɗi. Kada ka tura ta hanyoyin aika kuɗi na karɓa-a-hannu.

Kafin alƙalami iri biyu ne a dokarsu. Acconto wani kaso ne na kuɗin haya kawai. Caparra confirmatoria kuwa, idan kai ka saɓa ta tafi, idan mai gida ne ya saɓa kana da haƙƙin neman ninki biyu. Ka duba wadda aka rubuta.

Ga mai buƙatar biza, ga gargaɗin da ya fi kowanne nauyi: kada ka biya kuɗin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ofishin jakadanci zai nemi shaidar masauki, don haka ka kama gida mai damar sokewa kyauta, ka tabbatar wa'adin sokewar ya wuce ranar da kake sa ran amsa. Takardar ta nuna cikakken adireshi da sunayen matafiya. Ana karɓar takardun neman bizar Shengen, wadda ake shiga Italiya da ita, tun watanni shida kafin tafiya, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Idan gidan da ranka ke so ba ya karɓar sokewa, ka rubuta wa mai shi ka bayyana halin da ake ciki. Wasu sukan yarda su riƙe maka da ɗan ƙaramin kafin alƙalami. Wanda ya ƙi, ka nemi wani, amma takardar da ka miƙa wa ofishin jakadanci ta zama ta wurin da da gaske za ka sauka.

10. Ranar isowa da ranar tafiya

Yawancin gidaje da yamma suke karɓar baƙi, daga wajen ƙarfe huɗu zuwa bakwai. Idan jirginka zai sauka da dare, ka kwana a otal kusa da filin jirgi, ka kama hanya da safe. Neman gidan gona a cikin duhu bayan doguwar tafiya ba abin yi ba ne. Ka roƙi mai gida ya turo maka alamar wurin a WhatsApp, domin adireshin karkara yakan kai mutum gonar maƙwabta. A babbar hanya mai kuɗin fito, kada ka shiga layi mai alamar Telepass sai motarka tana da na'urar da ke biyan kuɗin da kanta.

Ka tsaya ka yi cefane kafin ka isa, musamman ranar Asabar. Ƙananan kantuna suna rufewa daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana, da yawa kuma ba sa buɗewa Lahadi.

Mai gida zai nemi fasfo na kowa. Kada ka ji wani iri, doka ce ta wajabta masa ya aika sunayen baƙi ga 'yan sanda cikin awa 24. Kafin ya tafi, ku zaga tare: ya nuna maka mita da makunnin wuta, makullin gas da na ruwa, da abin kashe gobara. Ka ɗauki hoton lambar mita da na duk wani abu da ka tarar a fashe, ka tura masa nan take. Ka gwada ruwan zafi da murhu yana tsaye. Lambar gaggawa 112 ce.

Shara kuma rarraba ta ake yi: ragowar abinci, takarda, roba, kwalba, da sauran tarkace, kowanne da bokitinsa da ranar kwasarsa. Ka sa ya rubuta maka ranakun. Ranar tafiya, wadda galibi kafin ƙarfe goma na safe ce, ka wanke kwanuka, ka kwashe firji, ka fitar da shara ko da ka biya kuɗin sharar ƙarshe, domin wannan kuɗin bai haɗa da kicin ba a gidaje da yawa. Ku karanta mita tare, ka karɓi kuɗin ajiyarka ko rubutacciyar ranar da za a mayar maka, sannan ka miƙa makulli hannu da hannu.